Gidan Tirela ko Haya: A Fara Tambayar Mai Filin

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta Malam. Dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana mazauna Greensboro da kewaye.

An ba ni dama in yi magana kan abin da ya zama hirarmu bayan sallar Juma'a: a ci gaba da biyan hayar fulat ne, ko a tattara ɗan abin da ke hannu a sayi gidan tirela? Na san abin da ya kawo maganar. Duk shekara in aka zo sabunta takardar haya, sai an ƙara kuɗi. Mai 'ya'ya biyar ya je neman gida, a ce masa ƙa'ida mutum biyu ne a ɗaki. Yara sun ɗan yi guje-guje, na ƙasa ya kai ƙara ofis. Ranar suna ta zo, babu inda za a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Wanda ya gaji da wannan zama bai yi laifi ba.

Kuma kada wani ya raina gidan tirela. Sama da mutum miliyan 20 ke zaune a irinsa a Amurka. Tun daga 15 ga Yuni, 1976, duk wanda aka ƙera a masana'anta sai ya bi ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD. Akwai mai falle ɗaya, akwai mai falle biyu da ake haɗawa a wurin, wanda in ka shiga falonsa ba za ka bambanta shi da ginin gida ba. A 2023 matsakaicin farashin sabo ya ɗan haura dala 120,000, tsoho kuwa ana samunsa ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ga ɗan tsakar gida, ga wurin ajiye mota a ƙofa, babu kowa a samanka.

To amma wancan farashin na gida ne kawai, babu fili a ciki, kuma a nan nake so mu daɗe.

Yawancin masu arahar da muke gani a Facebook suna cikin unguwannin tirela ne, inda gida naka ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta wani ce. Kowane wata za ka biya hayar fili, ɗaruruwan daloli, ko da ka gama biyan gidan tas. A Maraɗi ko Kano, in ɗan'uwanka ya ce zai zuba bulo da siminti a filin aro, ai kama hannunsa za ka yi. Mai hayar fulat in an matsa masa, wa'adi na cika ya kwashe kayansa ya ƙara gaba. Kai kuwa ɗaga gidan sai an nemi izini, a kira kamfani, a cire ruwa da wuta, a sake kafawa, aikin dubban daloli ne, mai falle biyu yakan wuce 10,000. Tsoho ma yana iya tsagewa a hanya, ga shi unguwanni da yawa ba sa karɓar wanda ya kwana biyu. Mai fili ya san duk wannan. Shi ya sa a 'yan shekarun nan manyan kamfanonin zuba jari suka dinga sayen waɗannan unguwanni, kuma sau da yawa abin da ke biyo bayan ciniki shi ne ƙarin haya.

Dokar jiharmu ta Karolina ta Arewa ba ta ƙayyade iya ƙarin da za a yi maka ba. Abin da ta ba ka shi ne sanarwar kwana 60 kafin a raba ka da filin, da kwana 180 in za a rufe unguwar a mai da ita wani abu. Wata shida ke nan, mutum da iyalinsa da gidan da ba shi da inda zai kai.

Sai maganar bashi. Gidan da ke kan filin haya, a wajen hukuma dukiya ce irin mota, takardarsa ma daga ofishin rajistar motoci take fitowa. Don haka rancensa ba irin na gida ba ne: ruwansa ya fi yawa, wa'adinsa ya fi gajarta. Ku lura kuma, Clayton Homes, babban mai ƙera su, da 21st Mortgage da Vanderbilt masu ba da rancen, duk na Berkshire Hathaway ne, kamfanin Warren Buffett. In mai sayarwa ya nuna maka mai ba da bashi, kada ka ɗauka shawarar aboki ce. Hukuncin kuɗin ruwa kuwa ga Liman nan, ya fi ni sani. Abin da zan ce kawai, tsohon gida mai lafiya yana cikin abin da adashinmu zai iya saye kuɗi hannu, kuma wannan babbar falala ce.

Wanda ya je dubawa, ya cire kunya. Ka zagaya bayan gidan ka nemi ɗan jan ƙarfen da ke shaida ya bi ƙa'idar HUD. In na kafin 1976 ne, juya ka tafi. Ka taka daɓen da ke gindin taga da kewayen masai, in ya lotsa ƙarƙashin ƙafarka, ruwa ya riga ya cinye katakon. Ka durƙusa da tocila ka leƙa ƙasa, ka ga ko an ɗaure shi da ƙarafa, ko rufin cikinsa ya yage yana reto. Ka ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin. Sannan takarda: sunan mai sayarwa ne a kanta? Akwai bashin banki, ko na haraji, ko na hayar fili? Kada sisinka ya fita sai ofishin unguwar ya amince da kai a rubuce, domin kana iya sayen gida a hana ka zama a cikinsa. Ka kuma tambayi inda za ka kai yara in guguwa ta taso. Waɗanda ke nan a watan Afrilun 2018 sun ga abin da ta yi wa gabashin garin nan, kuma hukumar yanayi ba ta ɓoye ba cewa tirela ba mafaka ba ce.

Ga ra'ayina, a fili. Wanda bai daɗe da zuwa ba, ko aikinsa bai zauna ba, ko takardunsa ba su kammala ba, ko zuciyarsa na kan ginin da ya fara a gida, ya yi haƙuri da haya. Kuɗin haya ba asara ba ne: in na'urar ɗumama ɗaki ta mutu a tsakiyar Janairu, waya kawai za ka ɗaga. Wanda kuma ya yanke shawarar zama, ya nemi gida da filinsa tare, ko da a bayan gari ne. A jiharmu, in filin naka ne, aka cire tayoyi aka ɗora gidan kan tushe na dindindin, ana soke takardar motar ya koma gida sosai a wajen hukuma, abin da 'ya'ya za su gada.

Akwai hanya ta uku. A 1984, mazauna wata unguwar tirela a garin Meredith na jihar New Hampshire sun haɗa kai suka saye filin da suke kai, kuma tun 2008 ƙungiyar ROC USA take taimaka wa wasu su yi haka. Mu da muke haɗa kuɗin jana'iza cikin dare ɗaya, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Roƙona ga Mai girma Sarki, a naɗa mutum uku yau: mai sanin gini, mai iya karanta yarjejeniya, da ɗaya daga cikin iyayenmu mata. Duk wanda ya ga gida, ya kawo musu takardun kafin ya sa hannu.

Allah ya ba kowa muhalli na alheri.