Shayin Saiwar Baleriyan da Neman Barci a Legas

Shirinmu na yau zai duba shayin saiwar baleriyan, wanda wasu ke sha don samun barci.

Wannan tsiro asalinsa daga Turai da Asiya ne. Saiwarsa ake busarwa a jiƙa a ruwan zafi, kuma a jikin kwalin da ake sayar da ita za ku ga an rubuta Valeriana officinalis. Tana da wari mai ƙarfi, haka halittarta take. Tun ƙarni na 2 wani likita mai suna Galen yake ba marasa barci ita, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Ingila sun sha ta don samun natsuwa lokacin da jirage ke yi musu ruwan bama-bamai.

To, shin tana aiki? Kan masana ya rabu. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda a sha ta idan damuwar ko rashin barcin ba su yi tsanani ba. Amma a shekarar 2017, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da ita wajen rashin barcin da ya daɗe, don hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi.

Mai son gwadawa ya jiƙa giram 2 zuwa 3 na minti 10 zuwa 15, ya sha kamar awa ɗaya kafin kwanciya. Ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin. Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara su nisance ta. Kada a haɗa ta da ƙwayar barci irin su diazepam. Direba da maigadi kada su sha sannan su kama aiki, domin takan kawo jiri, kasala da ciwon kai.

Sai dai kafin a kashe kuɗi, a fara duba abin da ke korar barcin. Cinikin goro ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu unguwar Agege a nan Legas, kuma goron nan yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, mai hana ido rufuwa. Wanda ya ci goro bayan isha'i, ya bi da shayi mai kauri a teburin mai shayi, ya kwanta yana latsa waya, ga zafi ga ƙarar janareto, babu saiwar da za ta yi masa magani.

Don haka a daina goro da kofi daga la'asar, a tsayar da lokacin kwanciya, a ajiye waya. Idan rashin barcin ya ɗauki makonni, a je asibiti, domin yana iya zama alamar damuwa ko wata cuta. Allah Ya ba mu lafiya.