Yawan Saduwa Ba Ya Maye Gurbin Gwaji

Akwai maganar da ta zo daidai da son ran maza, wai yawan saduwa da iyali yana kare namiji daga kansar furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Tushen maganar wani bincike ne na masana a jami'ar Harvard ta Amurka da aka wallafa a 2016, bayan bibiyar maza fiye da 31,000 tsawon shekara 18. An ga cewa masu fitar maniyyi sau 21 ko fiye a wata, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu sau 4 zuwa 7.

Wani magidanci a kasuwar Darki zai ce to ai shi ke nan, ga rigakafi a gida. A'a, Alhaji. Binciken ya nuna alaƙa ne kawai, kuma ragin ya fi bayyana a nau'in kansar da ba ta saurin yaɗuwa. Galibin mutanen da aka bibiya Turawa ne, alhali baƙar fata ya fi su shiga haɗari, musamman in ya haura 50 ko mahaifinsa ya yi ciwon. Abin da ke damuna shi ne ciwon kan daɗe bai nuna alama ba, sai fitsari ya riƙe ko ƙugu ya ɗau ciwo ake garzayawa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gwajin jini na PSA kuwa, wanda ake yi don duba lafiyar furostet, likita zai iya rubuta shi tun mutum yana kan ƙafarsa.