Umarni Ne Daga Sama



Da sakataren ƙungiya ya sanar da ni cewa ni zan yi jawabi bana, sai da na kwana biyu ina neman hanyar zillewa. Da ya ce kwamiti ne ya yanke, nan take na amsa. Kun ga tun ban fara ba na zama misalin abin da zan yi magana a kai, wato dalilin da ke sa mutum mai hankalinsa ya bi taro ko ya bi umarni alhali zuciyarsa ba ta yarda ba.

'Yan ajinmu za su tuna daren da agogon wani sinya ya ɓace a ɗakin kwananmu, aka ɗora wa wani yaro ɗan aji ɗaya. Shugaban gida ya ce mu firifet-firifet mu sa shi tsallen kwaɗo har sai ya faɗi gaskiya. Mu biyar ne. Ni na san yaron a asibitin makaranta ya wuni, don ni na raka shi, amma da na ga sauran huɗun sun yi shiru sai ni ma na kama bakina. Bayan kwana biyu aka tsinci agogon a aljihun wandon mai shi.

Sai da na je jami'a na ji cewa masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna irin wannan shiru. A 1951 wani malami a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa tara ɗalibai yana nuna musu layi ɗaya, ya ce su faɗi wanda ya yi daidai da shi a tsawo cikin wasu layuka uku. Amsar a fili take. Sai dai duk na ɗakin an haɗa baki da su su faɗi ƙarya, ban da mutum ɗaya. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar taro aƙalla sau ɗaya. To amma da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne gwajin Stanley Milgram, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Asch. A 1961 ake shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus, jami'in 'yan Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa. Hujjarsa ita ce umarni ya bi. A shekarar nan Milgram ya yi talla a jarida yana neman mutanen da za su taimaka wa bincike kan koyo a Jami'ar Yale. Akan zaunar da mutum gaban na'ura mai makunni 30, daga bolt 15 har 450, a ce duk sa'ad da ɗalibin da ke ɗaure a ɗaya ɗakin ya yi kuskure a sakar masa wuta, kowane kuskure a ƙara bolt 15. Ba wutar gaske ba ce, ɗalibin ma ɗan wasa ne, amma ba a gaya wa mai danna makunnin ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da Milgram ya tambaya sun yi hasashen da ƙyar mutum ɗaya cikin 1,000 zai kai ƙarshe. Mutum 26 cikin 40 suka kai. Ko da aka sake gwajin ɗalibin yana ihu yana cewa zuciyarsa na ciwo, 26 ɗin aka sake samu.

Ba mugaye ba ne. Suna gumi, suna rawar jiki, suna roƙo a tsaya, amma suna dannawa. Ku lura da dabarar: ba wanda aka ce wa ya fara da 450. Wanda ya danna 150, da wace hujja zai ƙi 165? Ga kuma mai bincike a tsaye yana cewa shi zai ɗauki alhaki. Da aka sa mai binciken ya fita yana ba da umarni ta tarho, masu kai wa ƙarshe suka koma kusan ɗaya cikin biyar. Da aka haɗa mutum da abokan aiki biyu da suka tashi suka ce ba za su ci gaba ba, 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe.

An soki Milgram kan wahalar da ya jefa mutane ciki, kuma waɗanda suka binciki takardunsa daga baya sun gano wasu cikin mutanen sun yi zargin wasa ne. Amma a 2009 Jerry Burger ya buga sakamakon maimaita gwajin, ya tsaya a bolt 150, ya sami kashi 70 cikin 100 a shirye suke su wuce nan.

Mu ma'aikatan gwamnati ba mu da na'urar lantarki, fayil gare mu da biro. A shekarata ta biyu a aiki aka kawo mini takardar shaidar kammala gyaran wani gini, aka ce in sa hannu, umarni ne daga sama. Ban je na ga ginin ba. Na duba na ga hannu uku a gaban nawa, na ce ai ni na huɗu ne, na sa. Da damina ta zo rufin ya yaye. Kowannenmu ya nuna na gaba da shi.

Bayan shekara guda aka sake kawo irinta. Wannan karon fayil ɗin ya fara biyawa ta teburin wata dattijuwar akanta da ta kusa ritaya. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ranka ya daɗe, a rubuto mini umarnin a cikin fayil, sai in biya." Ba a rubuto ba. Da ya iso gare ni na faɗi abin da ta faɗa, na bayana ma haka. Ba zan ce jarumtaka na yi ba, inuwarta na shiga. Ita kuwa an mai da ita wani ofishi da ba ko fanka, a can ta ƙarasa aikinta.

Malamanmu da ke zaune a nan sun koya mana ladabi da biyayya, kuma ba mu yi da-na-sani ba, don ba makaranta ko ma'aikatar da za ta tsaya ba tare da su ba. Roƙona ga Malam Shugaban makaranta shi ne, ranar da ake naɗa sababbin firifet, a gaya musu cewa duk wanda ya san wani abu game da yaron da za a hukunta ya faɗa kafin a fara, kuma ba za a kira shi mai rashin kunya ba.

Da safen nan na duba rajistar mahalarta na ga sunan yaron nan na aji ɗaya. Ba zan kira shi ba. Ƙanena, ni na raka ka asibiti ran nan, na sani, na yi shiru. Ina neman afuwarka a gaban malamanmu.