Labarin Haɗarin Jirgi: Abin da Za a Faɗa Nan Take da Abin da Za a Jira



Ranar Lahadi 10 ga watan Maris 2019, jirgin Ethiopian Airlines samfurin Boeing 737 MAX 8 ya tashi daga Adis Ababa zuwa Nairobi. Minti shida da tashinsa ya faɗi kusa da garin Bishoftu, mutum 157 da ke ciki duk suka rasu. Jiragen wannan kamfani suna sauka Kano da Yamai da Njamena, saboda haka a ranar wayoyi sun yi ta ƙara a gidajenmu, kowa na tambayar ɗan'uwansa da ke kan hanya.

To, me ya biyo baya? Aka shiga yaɗa wani bidiyo a WhatsApp da Facebook, wai ga jirgin yana faɗuwa. Alhali kuwa jirgin dakon kaya ne da ya faɗi a Bagram, ƙasar Afganistan, tun 2013. Wanda ya tura ba lallai ne da mugun nufi ba, amma magana zarar bunu ce.

Kar dai a ce shiru ne mafita. In gidan rediyo ya yi shiru, jita-jita ce za ta cike wurin. Sauri ma yana da ranarsa: ƙasa da wata biyar kafin nan, irin wannan jirgi na Lion Air ya faɗa teku a Indonesiya da mutum 189. Ganin kamannin haɗuran biyu, Sin ta dakatar da samfurin washegari, Amurka ta bi sahu ranar 13 ga Maris.

Don haka labarin kashi biyu ne. Abin da ake faɗa nan take shi ne sunan kamfani, lambar jirgi, inda ya taso, inda ya nufa, da wanda ya tabbatar da labarin. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin uwar da ɗanta ke cikin wani jirgin daban.

Abin da ake jira kuwa shi ne sunayen mamata, har sai an sanar da iyalansu, sai kuma dalilin haɗarin. Rahoton farko na masu bincike a Habasha sai watan Afrilu ya fito, ya nuna wata na'ura ce mai suna MCAS ta yi ta danna hancin jirgin ƙasa. Cikakken rahoton kuwa sai Disamba 2022.

Kai mai waya a hannu, kafin ka tura, tambayi kanka: wa ya faɗa? Yaushe aka ɗauki hoton nan? In babu amsa, dakata, ka duba sanarwar kamfanin ko ta hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarka.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya. Sai mako mai zuwa.