Likita a Ƙauye da Makon Farko na Jariri



Tambayar da na zo da ita ba ta da tsawo: idan aka kai likita guda ƙaramin asibitin da bai taɓa samun likita ba, aka bar komai yadda yake, ba a ƙara magani ba, ba a gyara gini ba, shin mutuwa za ta ragu?

An gwada wannan a ƙasar nan. Wani mai bincike, Edward Okeke, da haɗin gwiwar gwamnati, ya ɗauki yankuna 180 a jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe da Akwa Ibom, aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka tura musu likita mai bautar ƙasa, na biyu aka ƙara musu jami'in lafiya guda, na uku ba a taɓa su ba. Sakamakon ya fito a 2023. Inda likita ya je, jariran da ke rasuwa a kwana bakwai na farko sun ragu. Inda aka ƙara jami'in lafiya kuwa, ba a ga wannan raguwar ba.

Kwana bakwai, jama'a. Wato kafin ranar suna, kafin a yanka rago.

Kada wani ya ji kamar ina raina jami'an lafiyarmu; su ne ke kwana da masu naƙuda da fitilar waya a hannu. Amma mace ta zo awo ƙafafunta a kumbure, tana kukan ciwon kai, ana buƙatar wanda zai auna jininta ya gane jijjiga ce ke tafe, ya tura ta babban asibiti tun da sauran rana. Jariri ya faɗo bai yi kuka ba, minti ɗaya ne a hannunka. Wannan idon, shekarun horo ne ke samar da shi.

Abin da ke damuna shi ne ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi. Barazil ta ɗanɗana irin wannan: a 2013 ta ƙaddamar da shirin Mais Médicos, ta kai dubban likitoci, galibi 'yan Kuba, garuruwan da 'yan ƙasar suka ƙi zuwa. A ƙarshen 2018 dangantaka tsakanin ƙasashen biyu ta yi tsami, Kuba ta janye likitocinta sama da 8,000, garuruwa da yawa suka koma gidan jiya.

Don haka ina roƙon kwamishinonin lafiya da ke zauren nan: ku gina wa likitan ƙauye gida mai ruwa da wuta, ku biya shi alawus a kan lokaci, wanda ya yi shekara uku a karkara kuma a sa shi gaba wajen gurbin ƙaro karatu.