Riƙon Matan da Ido Ba Ya Gani

 

An ce in yi magana kan aikin shugabar rukuni. To, ni mata 18 nake riƙe da su. Bakwai suna nan cikin gari, kullum muna tare a kasuwa. Sauran wasu na Kuyello, wasu na Randagi, huɗu kuma tun da rikicin daji ya tashe su suke zaune a Kaduna. Da waya nake bin zubinsu, da waya nake jin ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun haɗu.

Kun tuna ƙarshen 2021, da gwamnati ta katse layin waya, ta hana hawa babur, ta rufe kasuwannin mako? Wajen wata biyu ban ji muryar rabin matana ba. Kwamiti na tambayata lissafi, ni kuma ban ma san wa ke raye ba. Wasiƙa na riƙa rubutawa ina ba direbobi. A nan yaƙi da jahilci ya yi mini rana, ko da yake rubutun nawa kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Amma abin da ya fi damuna laifina ne. Sau uku ana raba rance, sau uku ina miƙa sunayen waɗanda nake gani. Wadda ta zo rumfata ta zauna ta faɗi matsalarta, ita ke tsaya mini a rai. Akwai ƙanwarmu a Kaduna, ba ta taɓa fashin zubi ba, ta wurin mai POS take turowa, har da kuɗin caji daga aljihunta. Rannan ta aiko mini saƙon murya: "Yaya, ko don ba kya ganina ne?" Na buɗe littafi, na tarar ita ya kamata ta karɓa tun zagayen farko. Wallahi daren nan ban yi barci ba.

Tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar Kara a Nuwamban 2024, hanyar Kaduna ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai wasu sun sa yara makaranta a can, ba yanzu za su dawo ba. Haka za mu ci gaba, rabi a gabanmu, rabi a waya.

Don haka ina roƙon Uwar ƙungiya da kwamiti: rance ya bi layin littafi, a karanta sunayen a taro, a tura wa na nesa ta WhatsApp kafin a raba ko sisi. Sannan a ware wa shugabannin rukuni kuɗin kati. Nawa daga ribar daddawa yake fita, maigida ma ya fara magana.