Tsohuwar Tuffar Rasha da Itatuwan Gidajenmu



A ƙasar Rasha akwai wata tsohuwar tuffa mai suna Antonobka, wadda ta bazu daga yankin Kursk a ƙarni na 19. 'Ya'yanta akwai tsami da ƙamshi, itacen kuwa yana jure sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Galibin tuffa, in an shuka ƙwayarta, ba ta gadon uwa, sai an yi mata aure kamar yadda muke yi wa mangwaro. Ita kuwa wannan takan ɗauko kamannin uwa, shi ya sa masu lambu suke aura wasu nau'o'in a kan gindinta domin ƙarfin saiwarta.

Kada wani ya yi ɗokin kawo mana ita. Tana bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta yi fure, hunturunmu kuwa bai kai nan ba.

Abin lura shi ne, magidanta sun riƙe ta a lambunan gidajensu, kaka ya bar wa jika. Mu fa? A kan idonmu aka sare kanya da ɗinya da tsamiya, waɗanda suka saba da farinmu, domin a shafe tsakar gida da siminti.

Roƙonmu shi ne, duk wanda zai yi gini a garin nan ya bar itacen da ya tarar, ya kuma dasa wani da faɗuwar damina. Sara yini guda ne, raino kuwa sai shekaru.